Malam Aminu Kano: Ya Riƙe Abin da ke Hannunsa

Duk ɗalibin da ke bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ya san Asibitin Malam. Amma nawa ne cikinmu suka san yadda mai sunan ya rayu?

An haifi Malam Aminu Kano a 1920 a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi, ya ƙaro ilimi a Landan. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi jam'iyyar NEPU don ƙwato wa talakawa 'yanci. Ba ƙaramar kasada ba ce, domin a lokacin ɗauri da bulala ne rabon 'yan NEPU da yawa.

Ya faɗi zaɓen 1954, sai a 1959 ya shiga majalisar tarayya. Ya yi kwamishinan lafiya a gwamnatin Gowon. A 1979 ya nemi shugabancin ƙasa a PRP ya zo na huɗu. Bayan nan jam'iyyar ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, har wasu na hannun damansa suka juya masa baya. Duk da haka bai sauya hanya ba. Yana nan a gidansa na Gwammaja, ƙofa a buɗe, har ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mai suna Zeno ya kafa wata makarantar falsafa a Atina ta ƙasar Girka, ana ce mata Sitowa. Jigon koyarwarta shi ne mutum ya rarrabe abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa. Aikinka da gaskiyarka naka ne. Sakamako da bakin mutane ba naka ba ne. Mu ba sai mun je Girka ba, muna da haƙuri da tawakkali, ga kuma Malam. Ƙuri'a ba ta hannunsa, amma ƙin sayar da aƙida yana hannunsa, shi ya riƙe.

To 'yan uwa 'yan ajin ƙarshe, samun aiki bayan difloma ba ya hannunmu. Shiga lakca, karatun dare da ƙin satar amsa kuwa namu ne. In keri-oba ta zo, a gyara, kar a zauna zagin malami. Mu fara daga nan.