Diori Hamani: Shugaban da ya nemi a biya yuraniyom ɗin Nijar da daraja

An haifi Diori Hamani ranar 6 ga Yuni, 1916, a ƙauyen Sudure kusa da Yamai. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty da ke Senegal, daga baya ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, kuma shi ne ya zama shugaban Nijar na farko bayan samun 'yancin kai a 1960. Lokacin yaƙin basasar Najeriya ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, alhali Faransa na goyon bayan Biyafara.

A zamaninsa ne aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka kuma fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Wannan ma'adini shi ne makamashin tashoshin nukiliya: ana farfasa ƙwayoyin zarrarsa, zafin da ke fita ya tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin samar da lantarki.

Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Faransa ta yanke shawarar dogaro da nukiliya. Diori ya ga cewa hajar ƙasarsa ta ƙara daraja, don haka ya nemi a ƙara farashinta. Ba a kai ga kammala ciniki ba, ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi, aka kashe matarsa Aisa. Sojojin sun kafa hujja da matsanancin fari da zargin karkatar da abincin agaji. Mulkinsa ma na jam'iyya ɗaya ne, tun bayan haramta Sawaba ta Djibo Bakary a 1959.

Ya sha tsare har 1980, sannan ɗaurin talala har 1987. Ya rasu a Rabat ta Maroko ranar 23 ga Afrilu, 1989.

Yau kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga nukiliya yake, yayin da Nijar ta shafe shekaru tana sayen mafi yawan nata daga Najeriya. Manomin auduga a Funtuwa ko Malumfashi ya san wannan ciwo: mai kaya ba shi ke yanka wa kayansa farashi ba.