Nikolai Anichkov: Likitan da ya gano haɗarin kitsen jini ta hanyar zomaye

Magidancin Gwammaja da ya karɓo takardar gwajin jini, ya ga likita ya ja layi a ƙarƙashin kolestarol, da wuya ya san wanda ya fara nuna haɗarin wannan kitse. Wani likitan sojan Rasha ne, Nikolai Anichkov, wanda aka haifa a birnin St. Petersburg a 1885.

Ya kammala karatun likitanci a makarantar sojoji ta birnin a 1909. A zamanin, likitoci na ganin taurin jijiyoyin jini tsufa ne ke kawo shi, babu makawa.

A 1913, shi da wani ɗalibi mai suna Chalatov suka narka zallar kolestarol a cikin man girki, suka riƙa ɗura wa zomaye. Da suka feɗe su daga baya, sai suka tarar kitse ya daskare a bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, kwatankwacin abin da ake gani a jikin ɗan'adam. Zomayen da aka ba man kaɗai kuwa, jijiyarsu garau.

Manyan likitoci suka yi biris da shi. Hujjarsu ita ce zomo ciyawa yake ci, kuma an gwada a karnuka ba a ga komai ba. Hujjar tana da kama hankali, sai dai kare na saurin fitar da kolestarol daga jikinsa, don haka bai taru a jininsa ba balle ya toshe jijiya. Abin da ke cikin jini shi ne abin dubawa.

Shi kansa Anichkov bai ɗora laifin a kan kolestarol kaɗai ba, ya ce abubuwa irin su hawan jini na ƙara ɓarnar. A yau likita kan haɗa da ciwon suga da shan taba, ya kuma duba tiraigilisaraid, wani nau'in kitsen jini da ƙiba da yawan shan zaƙi ke ɗagawa.

Ya shugabanci cibiyar kimiyyar likitanci ta Tarayyar Sobiyet daga 1946 zuwa 1953. Ya mutu ranar 7 ga Disamba, 1964, kuma bugun zuciya ne ajalinsa. Sai a 1984, shekara 20 bayan mutuwarsa, wani babban gwaji a Amurka ya tabbatar cewa rage kolestarol na rage bugun zuciya.