Tarihin Shehu Nizamuddini Auliya, Waliyyin Dilli

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana muridai, ni mabuƙacin gafarar Ubangijinsa na yi nufin in ambata muku wani waliyyi na ƙasar Hindu, domin na ga kwaɗayin abin hannun masu mulki ya yawaita a cikinmu.

Ku sani an haifi Shehu Nizamuddini a garin Badayun wajen shekara ta 636 ta Hijira. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa Zulaiha ta rene shi cikin talauci. Ya tafi birnin Dilli ya yi karatu, sa'an nan ya nufi Ajodan wurin Shehu Fariduddini, ya karɓi ɗariƙar Cishtiyya a hannunsa, har ya zama halifansa.

Da ya komo Dilli, sai ya kafa zawiyarsa a Giyaspur, a gefen birni. Bai yi aure ba. Bai karɓi gona ko gari daga hannun sarki ba. Abin da Allah ya kawo na hadiyya sai ya rarraba shi. Tukunyarsa ba ta sauka daga wuta, ƙofarsa kuwa a buɗe take ga Musulmi da Hindu, waɗanda su ne mafi yawan mutanen ƙasar. Ya lizimci azumi, kuma an ruwaito cewa abincin sahur kan gagare shi haɗiya idan ya tuna miskinai da suka kwana da yunwa.

Sarakuna da yawa sun hau gadon Dilli a zamaninsa, ya nisanci fadarsu. Sarki Mubarak Shah ya matsa masa ya zo gaisuwa, ya ƙi. Aka kashe sarkin nan a shekara ta 720, Shehu yana nan a zawiyarsa.

Daga cikin almajiransa akwai Amir Kusrau mawaƙi, da Amir Hasan wanda ya tara zantukansa a littafin Fawa'idul Fu'adi, da Nasiruddini wanda ya gaje shi. Da ajali ya gabato, ya sa aka raba duk abin da ke cikin gidan. Ya rasu a watan Rabi'us Sani, shekara ta 725, daidai da 1325 ta Miladiyya. Har yau ana ziyarar kabarinsa a Dilli.

To, ya ɗan'uwa, dubi wuridinka, sa'an nan ka dubi maƙwabcinka. Idan ka raya dare da zikiri shi kuwa ya kwana bai ci ba, da sauran aiki a gabanka. Ni ne farkon mai buƙatar wannan nasiha.

Allah ya amfane mu da albarkar bayinsa salihai, ya sa mu cika da imani. Amin.