Tarihin Sarki Kasimir Mai Girma, maginin biranen ƙasar Poland

Da yawa daga cikin wuraren da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa gare su a ƙasar Poland, kama daga tsohon birnin Krakow zuwa mahaƙar gishiri ta Wieliczka, suna ɗauke da tambarin wani sarki guda da ya rasu fiye da shekaru 650 da suka wuce.

An haifi Kasimir na Uku, wanda 'yan ƙasarsa ke kira Kazimierz, ranar 30 ga watan Afrilun shekarar 1310 a wani ƙaramin gari mai suna Kowal da ke yankin Kuyaviya. Mahaifinsa shi ne Wladyslaw na Ɗaya, na gidan sarautar Piast, wanda ya kwashe yawancin rayuwarsa yana fafutukar sake haɗa kan ƙasar. Tun a shekarar 1138 ne dai Poland ta rarrabu, bayan da wani sarkinta ya kasa ta tsakanin 'ya'yansa, lamarin da ya jefa ta cikin rigingimun 'yan uwa har na kusan shekaru 200. Sai a shekarar 1320 ne aka naɗa Wladyslaw sarki a babbar majami'ar da ke kan tudun Wawel a birnin Krakow.

Gadon da ya tarar

Bayan rasuwar mahaifinsa a watan Maris na shekarar 1333, an naɗa Kasimir ranar 25 ga watan Afrilu, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekaru 23 da haihuwa. Ƙasar da ya gada ƙarama ce, kuma abokan gaba sun yi mata ƙawanya. A arewa akwai baraden Tiyuton, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista ta Jamusawa, waɗanda suka ƙwace birnin Gdansk mai tashar jiragen ruwa tun a shekarar 1308, suka kuma mamaye Kuyaviya, mahaifar shi kansa sabon sarkin, a shekarar 1332. A kudu maso yamma kuwa, Sarki Yohana na Bohemiya yana iƙirarin cewa shi ne halattaccen sarkin Poland, har ma a fadojin maƙwabta ana ɗaukar Kasimir a matsayin sarkin Krakow kawai.

Maimakon ya ci gaba da yaƙe-yaƙen da suka talauta mahaifinsa, Kasimir ya zaɓi hanyar sulhu, ko da kuwa za ta yi masa tsada. A taron sarakuna da aka gudanar a garin Visegrad na ƙasar Hangari a shekarar 1335, ya biya Sarki Yohana maƙudan kuɗi domin ya janye iƙirarinsa kan karagar mulkin Poland. Daga bisani kuma ya haƙura da yankin Silesiya, inda birnin Wroclaw yake. Dangane da baraden Tiyuton kuwa, ya kai ƙararsu gaban Paparoma, aka yi zaman shari'ar a shekarar 1339 a Warsaw, wanda a lokacin ƙaramin gari ne a gaɓar kogin Vistula. Alƙalai sun ba Poland gaskiya, amma hukuncin bai yi aiki ba. A ƙarshe, a yarjejeniyar Kalisz ta shekarar 1343, Kasimir ya karɓo Kuyaviya da Dobrzyn, ya bar wa baraden Gdansk da yankin da ke kewaye da shi.

Wannan mataki ya raba Poland da tekun Baltik har na tsawon shekaru fiye da 100, domin sai a shekarar 1466 ne aka tabbatar da komawar Gdansk hannunta. Wroclaw kuwa bai dawo ba sai bayan yaƙin duniya na biyu a shekarar 1945. To amma abin da sarkin ya samu a madadin haka shi ne zaman lafiya a iyakokinsa na arewa da yamma. Ya juya zuwa gabas, inda daga shekarar 1340 ya shiga gwagwarmayar mallakar yankin Ruteniya, har ya shigar da birnin Lwow, wanda a yau yake cikin ƙasar Yukiren, ƙarƙashin mulkinsa a shekarar 1349. Kafin rasuwarsa faɗin ƙasar ya ninka fiye da sau biyu.

Daga katako zuwa jan bulo

A farkon mulkin Kasimir yawancin garuruwan Poland da katako aka gina su, abin da ya sa gobara ko harin abokan gaba ke iya shafe gari a dare ɗaya. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a zamaninsa an gina fadoji da sansanonin tsaro kimanin 50 da duwatsu da jan bulo, an kuma kewaye garuruwa kusan 30 da ganuwa. Jerin sansanonin da aka kakkafa a kan duwatsun da ke tsakanin Krakow da Czestochowa domin tsaron iyaka da Bohemiya, kamar su Ojcow da Bedzin da Pieskowa Skala, su ne a yau ake kira hanyar sheƙar gaggafa, wadda tsawonta ya kai kilomita 160. Da dama daga cikinsu sun zama kango tun lokacin mamayar sojojin Suwidin a shekarar 1655, amma duk da haka matafiya na bin hanyar a ƙafa ko a kan keke domin ganin su.

Bayan tsaro, sarkin ya mai da hankali ga kafa sababbin garuruwa a kan wani tsarin doka da aka aro daga birnin Magdeburg na Jamus. Tsarin yakan ba gari ikon tafiyar da harkokinsa, da kotunsa, da kasuwarsa, sa'annan yakan ɗauke wa sababbin mazauna haraji na wasu shekaru, domin jawo 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Ta wannan hanya ce Bydgoszcz ya zama birni a shekarar 1346, Lwow kuma ya samu irin wannan dama a shekarar 1356. A Lublin da Sandomierz an gina fadoji da ganuwa, kuma har yanzu ƙofar da ake kira Ƙofar Krakow tana tsaye a bakin tsohon garin Lublin. Domin kada biranen ƙasarsa su riƙa ɗaukaka ƙara zuwa Magdeburg, a shekarar 1356 Kasimir ya kafa musu babbar kotu a fadarsa ta Krakow.

Kazalika ya sa aka tattara dokokin gargajiya aka rubuta su a kundi biyu, ɗaya a Wislica ɗaya a Piotrkow. Dokokin sun bai wa manoma kariya daga wasu nau'o'in zaluncin masu filaye, abin da ya sa ake yi masa laƙabi da sarkin talakawa.

Gishiri da ilimi

Kuɗin waɗannan ayyuka, babban kaso daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A garuruwan Wieliczka da Bochnia da ke kusa da Krakow akwai mahaƙan gishiri mallakar sarki, waɗanda aka ƙiyasta cewa suna samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ke shiga baitulmali. A shekarar 1368 Kasimir ya fitar da dokar da ta tsara yadda za a riƙa haƙar gishirin da sayar da shi, da ayyukan ma'aikata da jami'ai. An ci gaba da haƙa a Wieliczka har zuwa shekarar 1996. Zurfin mahaƙar ya kai mita 327, kuma a cikinta akwai majami'ar da aka sassaƙa gaba ɗaya daga gishiri, da wani zaure mai ɗauke da sunan sarkin da mutum-mutuminsa.

A Krakow, fadar mulkinsa, Kasimir ya faɗaɗa fadar Wawel, kuma a zamaninsa ne aka kammala sabuwar babbar majami'a a shekarar 1364. An shata babban dandalin kasuwar birnin, mai tsawon kimanin mita 200 a kowane ɓangare, tun a shekarar 1257, amma shi ne ya sa aka gina rumfunan 'yan tufafi da ke tsakiyarsa da bulo. Ginin ya ƙone a shekarar 1555, aka sake gina shi da sabon fasali, kuma har gobe ana ciniki a cikinsa.

Ranar 12 ga watan Mayun shekarar 1364 ya kafa jami'ar Krakow, wadda ita ce ta biyu a tsakiyar nahiyar Turai bayan ta birnin Prag. Babban burinsa shi ne samar da masana shari'a da za su tafiyar da mulki. Jami'ar ta durƙushe bayan rasuwarsa, sai a shekarar 1400 aka farfaɗo da ita da dukiyar da Sarauniya Jadwiga ta bar mata wasiyya. A nan ne masanin taurari Nikolas Kopanikus ya fara karatu a shekarar 1491, haka ma Karol Wojtyla, wanda ya zama Paparoma John Paul na Biyu, ya shiga jami'ar a shekarar 1938.

A watan Satumban wannan shekara ta 1364 ne kuma Kasimir ya karɓi baƙuncin wani taron sarakuna a Krakow, ciki har da Sarkin Sarakuna Karl na Huɗu, da Sarki Luwi na Hangari, da Sarki Bitrus na tsibirin Kubrus, wanda ke yawon neman goyon bayan yaƙi a gabas, kuma ya kai hari birnin Iskandariyya na ƙasar Masar shekara guda bayan haka. Mutumin da shekaru 30 kafin nan ake kira sarkin Krakow kawai, shi ne yanzu manyan sarakunan Turai suka hallara a fadarsa.

Unguwar da ke ɗauke da sunansa

A shekarar 1335 Kasimir ya kafa wani sabon gari daf da Krakow, ya sa masa sunansa, wato Kazimierz. Shekara guda kafin nan ya tabbatar da wata tsohuwar doka ta shekarar 1264 da ta ba Yahudawa kariya ta rayuka da dukiyoyi da wuraren ibada, daga baya kuma ya faɗaɗa ta zuwa dukkan ƙasar. A lokacin da annoba ta afka wa Turai a tsakiyar ƙarni na 14, aka riƙa kashe Yahudawa a biranen Jamus bisa zargin su ne suka haddasa ta, da yawa daga cikinsu sun nufi Poland.

Sai a shekarar 1495, shekaru 125 bayan rasuwar sarkin, aka mayar da Yahudawan Krakow garin Kazimierz, wanda ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyinsu mafiya muhimmanci a Turai. Kafin yaƙin duniya na biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Krakow Yahudawa ne. 'Yan Nazi sun halaka akasarinsu, wasu a sansanin Auschwitz da ke kimanin kilomita 60 daga birnin. A yau Kazimierz unguwa ce a cikin Krakow, inda tsofaffin wuraren ibadar Yahudawa guda bakwai ke tsaye, kuma a can ne aka ɗauki wani sashe na fim ɗin Schindler's List a shekarar 1993.

Rashin magaji

Duk da nasarorin da ya samu a fagen mulki, rayuwar Kasimir ta cikin gida ba ta rasa abin suka ba. Ya yi aure sau huɗu. Matarsa ta farko, Aldona, 'yar sarkin Lituweniya, ta rasu a shekarar 1339. Ta biyu, Adelaide daga Hesse a Jamus, ya ƙaurace mata, ya kuma sake yin aure har sau biyu tana raye, abin da ya saɓa wa koyarwar cocin Katolika, ya kuma haɗa shi faɗa da shugabanninsa. Marubutan tarihi na zamanin baya sun ɗora masa alhakin nutsar da wani limamin coci mai suna Marcin Baryczka a kogin Vistula a shekarar 1349, bayan da limamin ya kai masa saƙon gargaɗi daga bishop, sun kuma ce domin kaffara ne ya gina wasu majami'u, ciki har da ta Wislica.

Cikin dukkan waɗannan aurarraki bai samu ɗa namiji da zai gaje shi ba. A watan Satumban shekarar 1370 ya faɗo daga kan doki a lokacin farauta kusa da garin Przedborz, ya ji rauni a ƙafa, zazzaɓi ya biyo baya. Allah ya yi masa rasuwa a Krakow ranar 5 ga watan Nuwamban wannan shekara, yana da shekaru 60 a duniya. Da mutuwarsa mulkin gidan Piast ya zo ƙarshe bayan kimanin shekaru 400, sarauta ta koma hannun ɗan 'yar uwarsa, Sarki Luwi na Hangari, kamar yadda aka ƙulla tun yana raye.

Daga shekarar 1596 an fara mayar da fadar mulki zuwa Warsaw, birnin da sojojin Jamus suka rusa kusan kashi 85 cikin 100 na gine-ginensa a yaƙin duniya na biyu, aka sake gina shi bayan yaƙin. Krakow kuwa ya tsira ba tare da wata babbar ɓarna ba, dalilin da ya sa a can ne aka fi ganin ayyukan Kasimir. A shekarar 1978 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin, tare da Wawel da Kazimierz, da kuma mahaƙar Wieliczka, cikin wurare 12 na farko a jerin kayan tarihi na duniya.

Kabarinsa na jan dutse yana cikin babbar majami'ar Wawel. A shekarar 1869, lokacin da Poland ba ta cikin taswirar duniya saboda Rasha da Prusiya da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu, masu gyaran kabarin sun ci karo da gawarsa, kuma sake binne shi da aka yi ya tara ɗimbin jama'a daga dukkan sassan ƙasar uku. A yau hotonsa ne ke kan takardar kuɗi ta zloty 50, jami'ar Bydgoszcz na ɗauke da sunansa, kuma cikin dukkan sarakunan Poland shi kaɗai ne laƙabin Mai Girma ya zauna masa.