Nazia Hassan: Muryar da ta tsallaka iyakar Indiya da Fakistan

Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi da kallon fina-finan Indiya a silimun Arewa sun san waƙar Aap Jaisa Koi ta cikin fim ɗin Qurbani na 1980, inda Zeenat Aman take rausayawa. Amma kaɗan ne suka san cewa mai muryar ba 'yar Indiya ba ce, wata yarinya ce Musulma 'yar Fakistan mai suna Nazia Hassan.

An haifi marigayiyar a birnin Karachi ranar 3 ga Afrilu, 1965, shekarar da ƙasarta ta gwabza yaƙi da Indiya. Tana 'yar makaranta a Landan ta haɗu da Biddu, mai tsara kiɗa ɗan asalin Indiya, wanda ya ɗora muryarta a kan waccan waƙa. A 1981 waƙar ta jawo mata lambar yabo ta Filmfare tana da shekara 15, ta zama mutum na farko daga Fakistan da ya samu wannan lamba.

A wannan shekara ce kuma ita da ƙaninta Zoheb suka fitar da faifansu na farko, Disco Deewane. Waƙar da faifan ya ɗauki sunanta kiɗan rawa ne irin na disko, amma da harshen Urdu. Kafin wannan lokaci, kusan duk waƙar da ta yi tashe a yankin daga cikin fim take fitowa. Wannan kuwa ta tsaya da ƙafarta, ta kuma karɓu a ƙasashen biyu da suka yi yaƙi har sau uku tun daga 1947.

Sai dai a gida abin bai zo mata da sauƙi ba. Zamanin mulkin soja ne na Janar Zia-ul-Haq, kuma masu ra'ayin mazan jiya sun yi ta sukar ganin budurwa tana waƙa tare da ɗan'uwanta a talabijin. Ta ci gaba da waƙarta cikin kamun kai, ba ta kuma ajiye littafi ba.

A nan ne darasin rayuwarta yake. Duk da irin wannan ɗaukaka, ta kammala digiri a fannin shari'a a Landan, ta yi aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, ta kuma sa hannu a yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi a Karachi. Bayan faifan Camera Camera na 1992 ta jingine waƙa tana da shekara 27, lokacin da tauraruwarta ba ta dusashe ba.

Cutar sankarar huhu ce ta yi ajalinta a Landan ranar 13 ga Agusta, 2000, tana da shekara 35, ta bar ɗa guda. A 2002 gwamnatin Fakistan ta karrama ta da lambar Pride of Performance, a 2012 kuma aka sabunta Disco Deewane a fim ɗin Indiya mai suna Student of the Year.

Iyayen da ke ganin 'ya mace ba za ta haɗa baiwa da karatu da mutunci ba, da matasan da ke barin makaranta da zarar an fara tafa musu, duk suna da abin dubawa a rayuwar wannan baiwar Allah. Allah ya jiƙanta da rahama.