Dakta Sisili Wiliyams: Likitar Da Ta Saurari Iyaye Mata

'Yar uwa, kin taɓa ganin yaron da aka yaye, ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa na saɓulewa, ga yawan kuka? A unguwanninmu na Katsina sai a ce ai kwanika ce, ko nonon mai ciki ya sha. To yau ga tarihin matar da ta bi diddigin wannan ciwo.

An haifi Sisili Wiliyams a ƙasar Jamaika a 1893. Ta yi karatu a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ta zama likita a 1923, lokacin da mata likitoci ba su da yawa. A 1929 aka turo ta ƙasar da yau ake kira Gana, ta yi aiki a asibitin yara na birnin Akara.

A can ta riƙa ganin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu suna kumbura suna mutuwa. Maimakon ta raina iyayensu don ba su yi boko ba, sai ta zauna tana tambayarsu me yaran ke ci. Ta gano yawancinsu an yaye su ne aka bar su da kokon masara zalla. Ta kuma ji sunan da ƙabilar Ga ke kiran ciwon, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka sauke don an samu ƙani. Ta wallafa bincikenta a 1933, ta sa wa ciwon wannan suna a 1935. Wasu manyan likitocin Ingila suka ƙaryata ta, amma daga baya duniya ta karɓi sunan.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. Nan ta tarar 'yan kasuwa na tallar madarar gwangwani har iyaye na barin shayarwa, jarirai na mutuwa. A 1939 ta yi wani zazzafan jawabi a Singafo, ta kwatanta irin wannan talla da kisan kai. A yaƙin duniya na biyu sojojin Japan suka tsare ta daga 1942 zuwa 1945, ta sha yunwa da azaba. A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yara a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta koyar a jami'o'i a Landan da Beirut da Amurka. Ta rasu a 1992.

Kada ki ɗauka tsohon labari ne. Ƙungiyar likitocin na-gari na-kowa ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025.

Shayarwa ta shekara biyu tana nan cikin Suratul Baƙara. Likitoci kuma sun ce wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Kada ki zubar da dakashi, rigakafi ne. In ciki ya shiga kina goyo, nononki bai zama guba ba, ki je awo ki nemi shawara. Kunun yaro ki zuba masa gyaɗa ko waken suya ko nono, ki ba shi wake da ƙwai da zogale gwargwadon hali. Ki tafasa ruwan shansa, ki wanke hannu da sabulu, don gudawa ita ke buɗe wa tamowa ƙofa. Ki zauna da maigida a ware abincin ɗan yaye cikin cefane. Da kin ga ƙafa ta kumbura, ki garzaya asibiti ranar nan, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.