Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya koyar da lissafi a Alƙahira

A shekarar 1741 wani malami Bafulatani daga ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Larabawa kuma suna kiransa al-Fulani al-Kashinawi. Lokacin saura shekara 13 a haifi Shehu Usmanu, Sakkwaton nan da muke zaune kuwa ba a kafa ta ba sai 1809. Ga ni a shekarar ƙarshe ta difloma, amma tun daga firamare ban taɓa cin karo da sunansa a littafin lissafi na aji ba.

Yawancin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga ɗan mai masaukinsa, Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar. Asalinsa mutumin Ɗan Ranko ne a ƙasar Katsina. A nan ƙasashenmu ya yi karatunsa, cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagirmi, da Muhammadu Bindu wanda ya koya masa hisabi da ilimin hatimi. Wajen 1730 ya sauke farali, ya zauna a Makka, daga baya ya wuce Masar. Ku lura fa, da iliminsa ya isa can. Shi kansa Hasan al-Jabarti, wanda ake ji da shi a ilimin taurari da lissafi, sai da ya zauna gabansa ya ɗauki karatu.

Ya yi rubutu a kan nahawu. Ya tsara waƙa a ilimin Manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, ya kuma yi mata sharhi da kansa. Amma littafin da ya fi ɗaga sunansa shi ne Bahjatul Afaƙ, na wajen 1732, inda ya nuna hanyoyin cike hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har gaba.

Hatimi dai ba baƙo ba ne a wurinmu, mun sha ganinsa a allo da cikin laya. In aka tuɓe masa komai, abin da ya rage lissafi ne tsantsa: a jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka tara 15 za ka samu. Na biyar-biyar 65 yake bayarwa, na bakwai-bakwai 175.

To a nan ne nake ganin Manɗiƙinsa da hatiminsa suka haɗu, kuma a nan ne ya shafe mu, mu da ake ba mu magana mai "idan" da "to" a jarrabawa a ce mu faɗi gaskiya ce ko ƙarya. Ɗauki wannan: idan aka cike hatimin uku-uku daidai da lambobi 1 zuwa 9, to 5 ce a tsakiya. Gwaji sau ɗari ba ya tabbatar da ita, hujja ce ke yi. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layi uku ne a kwance, saboda haka kowanne 15. Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Cikin layukan nan huɗu kowace lamba ta fito sau ɗaya, sai ta tsakiya da ta fito sau huɗu. Cire 45 daga 60, saura 15, kuma 15 ɗin nan lambar tsakiya ce sau uku. Dole 5, babu wata mafita.

Yanzu juya maganar: idan 5 ce a tsakiya, to hatimin ya cika daidai. Kunne yana jin kamar abu ɗaya ne, amma ƙarya ce. Rubuta 1, 2, 3, sannan 4, 5, 6, sannan 7, 8, 9. Ga 5 nan zaune a tsakiya, layin sama 6, na ƙasa 24. Misali ɗaya tak ya kashe ta. Haka yake a lissafin siffofi: idan siffa murabba'i ce, to kowace kusurwarta digiri 90 ce, wannan gaskiya ne. In ka juya ta, ƙofar ajinku ma ta isa ta ƙaryata ka, don kusurwoyinta a miƙe suke amma tsawonta ya fi faɗinta.

Wani zai ce ai ya ga hatimi mai 6 a tsakiya. E, akwai, in aka yi shi da 2 zuwa 10, jimlarsa 18. Sai dai bai taɓa maganarmu ta farko ba, domin sharaɗin bai cika ba, mu 1 zuwa 9 muka ce. Magana mai sharaɗi hanya ɗaya kawai take faɗuwa: sharaɗi ya tabbata, jawabinsa ya ƙi tabbata.

Ba zan ɓoye ba, al-Kashinawi ya yi rubutu kan sirrin haruffa da tasirin taurari, musamman a littafinsa Durrul Manzum da ya fara a Makka ya kammala a Masar. Malamai da dama ba su yarda da wannan fanni ba, ni ma ba shi nake tallatawa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da nakan ji a bakin wasu, wai idan mutum ya yi aikin hatimi, to babu ilimi a tare da shi sai tsibbu. Ita ma magana ce mai sharaɗi, a auna ta da ma'aunin nan. Ga mutum ya yi aikin hatimi, kuma ga nahawu, ga Manɗiƙi, ga hanyoyin lissafin da ko yau ka bi su da biro da takarda za su fita daidai. Sharaɗi ya cika, jawabi ya faɗi.

Bai dawo gida ba. Da ajali ya zo, Hasan al-Jabarti ya bar wa wasiyyar littattafansa, aka binne shi a Alƙahira. Akwai kwafen rubutunsa na hatimi a ɗakin karatu na SOAS a Landan, kuma wata Ba'amurkiya malamar lissafi, Claudia Zaslavsky, ta yi bayaninsa a littafinta Africa Counts na 1973. Ta wannan hanya ne da yawa daga masu karatun boko suka fara jin sunan mutumin Ɗan Ranko.